Wuyana A Matsatsin Shanu

Jama'a, in kun ga rubutun wannan mako ya karkace ku yi haƙuri, wuyan mai rubutun ne a karkace. Jiya tun hantsi har aka sallame azahar ina sunkuye cikin matsatsin shanu na Unguwar Lalle, kaina a waje, sauran jikina a ciki, rabin gari na tsaye suna yi mani sannu da bakin da ke cike da dariya.

Ga wanda bai san matsatsi ba, keji ne na ƙarfe daidai tsawon sa guda. A kora sa ciki, a ja mariƙi, ƙofar gaba ta kama wuyansa, gefe da gefe su matse shi. Daga nan malamin dabbobi ya yi allurarsa ko ya duba kofato ba tare da an karya masa haƙarƙari ba. Abu ne mai amfani, wallahi, in ya faɗa hannun mutanen kirki.

Namu shekara uku ke nan da Ranka-ya-daɗe Mai Almakashi ya kawo mana shi. Ko ba ku san shi ba kun san irinsa, bawan Allah da ba ya iya ganin ƙyalle a ɗaure bai yanke ba. Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. An buɗe matsatsin a nan yana ja, da rumfa da lasifika. Bayan wata biyu mota ta zo ta are shi, muka ji an sake buɗe shi wajen Tozai yana kore. Da ya dawo mana shuɗi ne, ba mu ma tambayi inda ya biya ba. Matsatsi ɗaya, biki uku, kuma ko akuya ba ta taɓa shiga ba. Wane ne ya ce manyanmu ba su iya tattali ba?

To, da nan labarin ya tsaya da na ji daɗin rubuta shi. Amma za ni faɗa muku nawa, tun da Tasalla matata ta rantse in ban rubuta ba ita za ta faɗa a bakin rijiya.

Kafin a kawo matsatsin an kafa kwamitin zaɓen girmansa, aka sa ni a ciki don ina yawo da biro a aljihu. Aka turo mana littafin hotunan matsatsi, ƙarami da matsakaici da babba, kowane da wata saniyar Turai a ciki, kanta sumul. Maƙwabcina Sodangi, wanda shanunsa duk rahaji ne masu ƙaho kamar hannun mai addu'a, ya leƙo ta kafaɗata.

"Malam Abu, waɗanga shanun na hoto, ina ƙahoninsu? Sacewa anka yi?"

Na ce masa a kwamiti ba a magana sai da awo. Na ɗauki igiya na tafi gida na auna sana na huɗa, Ɗan Fari, bokolo mai ɗan guntun ƙaho. Na dawo na ɗora yatsa kan matsakaici. Ranar da aka gwada, san Sodangi ya zo bakin matsatsin, ƙahon dama ya daki ƙarfe, na hagu ya daki ƙarfe, ya juya ya yi tafiyarsa. Duk garin, shanun da za su iya shiga ba su wuce nawa da na mutum biyu ba. Sodangi kallona kawai ya yi.

Don ladan wannan aiki aka naɗa ni Mai Kula, aka ba ni gwangwanin giris, aka ce duk wata in shafa a mahaɗan ƙofa da sakata. Watan farko na shafa. Wata na biyu ƙafar amalankena ta fara kuka, na ce bari in ara kaɗan. Daga amalanke sai ƙofar zaure, daga ƙofar zaure sai sarƙar babur. Ban san lokacin da na ga gindin gwangwanin ba. Amma duk sanda aka ce Mai Almakashi na tafe, sai in ruga in shafe matsatsin da fenti, har mahaɗan, har sakatar, don na lura giris ba ya fita a hoto. Shi bai zo ba, fentin dai ya yi ta hawa kan fenti.

Sai ga shi makon jiya ruwan shuka ya sauka, kuma a makon ne Ɗan Fari ya fara ɗingishi. Kofatonsa na baya ya kumbura, har wari yake yi. Wanda ba ya noma ba zai gane ba. Shanun huɗa biyu ne, in ɗaya ya kwanta garma ta kwanta, in garma ta kwanta a irin wannan mako, geron shekara ya tafi. Kwana uku tuwo ba ya wuce mani. Malam Hafizullahi, malamin dabbobi, sau ɗaya yake zuwa a mako biyu bisa babur, kuma dole ya juya da wuri. Kun san hanyarmu, ba sai na yi bayani ba.

Jiya ya zo. Na ja Ɗan Fari zuwa matsatsi ina taƙama, na kira Sodangi ya riƙe mariƙi. San nan ya shinshini fenti ya kafe. Na nuna masa dusa, ya ƙi. Na murɗe masa wutsiya, ya waiwayo ya dube ni. Jama'a sun fara taruwa, ni kuma Mai Kula ne, dole in nuna wani abu.

Na ce, "Tsoro yake ji. Bari ya ga ba komai."

Na shiga, na sunkuya, na zura kaina ta ƙofar gaba. Na ce, "Sodangi, ja kaɗan su gani."

"Malam Abu, abin ga ya cije."

"Sa ƙarfi mana!"

Ya sa hannu biyu da ƙafa ɗaya. Ƙarfe ya yi ƙara, ƙofa ta rufe garam. Na ce madalla, kun gani, yanzu buɗe. Ya ja sakata, shiru. Mutum uku suka ja, shiru. Wani ya kawo dutse ya fara duka, kowane bugu sai na ji shi a haƙorana.

Malam Hafizullahi ya gwada shi ma, ya dubi rana, ya share gumi. "Gaskiya lokacina ba zai isa aiki biyu ba. Ko in tsaya a ɓalle wannan sakata, ko in duba san. Ku zaɓa."

Kafin in buɗe baki na ji muryar Tasalla a bayana, ban ma san ta iso ba.

"Malam, a duba san. Shi wanga ba ya jan garma."

Wuri ya kece da dariya. Na ji haushi ƙwarai, amma abin da ya fi ƙona mani rai shi ne, da ni aka bari in amsa, abin da za ni ce ke nan.

Sodangi bai yi dariya ba. Ya kwance igiyar da ke kafaɗarsa, ya zarga wa Ɗan Fari a wuya, ya kewaya ta ƙirji da kwiɓi, ya ja a hankali yana yi masa magana. San ya durƙusa, ya kwanta lafiya lau, yadda kakanninmu ke kayar da sa tun ba a ƙera almakashi ba. Ni ina kallo daga inda aka ajiye mani kai. Malam ya fere kofaton, mugunya ta fito, ya zaro ƙusa mai tsatsa tsawon ɗan yatsa. Ya wanke, ya yi allura, ya ɗaure. Ya ce da an ƙara mako ɗaya, sai dai a kira mahauta. Hawaye ya zo mani, kuma ba hannun sharewa don hannuwana na cikin keji.

Bayan ya hau babur aka dawo kaina. Tasalla ta je gida ta dawo da kalanzir a kwalba da wani tsinke da ta kankaro baƙin giris da shi daga ƙafar amalanke.

"Ga girishinsu nan," in ji ta, da ƙarfi yadda na bayan fage za su ji. "Na maido musu abinsu."

Sodangi ya sa wuƙa yana kankare sakatar. Fentina ya fita, shuɗi ya fita, kore ya fita, ja ya fita, sannan aka ga ƙarfe. Aka zuba kalanzir, aka shafa giris, ya taɓa da yatsa biyu ta buɗe. Na fito ban iya miƙewa ba, haka na bi sahun masu ramuwar azahar.

Malam ya ce Ɗan Fari ba zai taka gona ba sai bayan kwana goma, kuma ƙasa ba za ta jira kwana goma ba. Yau da safe ina zaune a zaure ina wannan tunani na ji sallama. Sodangi ne, riƙe da igiyar babban sansa, rahajin nan da matsatsina ya kora.

"Haɗa shi da naka ɗayan ka yi huɗarka," ya ce. "Sai dai ka buɗe ƙofar garken duka biyu. Ka san ƙahonsa, ko da yake ba ka taɓa aunawa ba."

Na rasa inda za ni sa idona. Na yi godiya.

Af, na manta. Takarda ta zo daga wajen Ranka-ya-daɗe, wai Mai Kula ya rubuta dabba nawa matsatsi ya kama a bana, za a karanta a wajen biki. Na rubuta ɗaya. In kun ji an faɗa a lasifika kada ku ce ƙarya ce, wannan karon da wuyana na shaida.