Yadda Za Ka Sa Kwamfuta Ta Ci Mutuncin Tsohuwar Kwastomarka

Kai da ka gaji shagon kayan ɗinki daga ubanka, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin wata ya ƙare za ka zubar da mutuncin da tsohon ya yi shekara talatin yana tarawa. An gwada a kaina, ya yi aiki. Ni tela ce, ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na hana ta tausasa ko kalma ɗaya.

Mataki na ɗaya: Raina littafin ubanka

Tsohon yana rubuta wanda ya ɗauki zare, zik ko maɓalli bashi. Ranar da aka biya, sai ya ja layi a kai. Layin nan shi ne rasit, kowa a kasuwa ya sani. Kai kada ka sani. Ka ce littafi ƙauyanci ne.

Mataki na biyu: Nemo mai tabarau

Ka samo masanin kwamfuta wanda bai taɓa sayar da ko allura ba. Zai sa maka manhaja biyu, ɗaya ta lissafin kuɗi, ɗaya ta kula da kwastomomi, ya haɗa su su riƙa gulma da juna. Ka ba shi littafin ya kwafe. Kada ka gaya masa ma'anar layin. Zai kwafe wanda aka soke da wanda ba a soke ba, don shi mutum ne mai tsare aiki. Da haka tsohuwar da ba a binta ko sisi za ta wayi gari da bashin dubu arba'in da bakwai.

Mataki na uku: Matsa mata sai ta ba da lambar waya

Za ta ce ba ta iya karanta saƙo. Ka ce, "Mama, ko ta wani a gida ce, don gaisuwa kawai." Za ta ba ka ta surukinta, mijin 'yarta, direban babbar mota, mutumin da har yau bai taɓa ɗaga ido ya kalle ta ba saboda kunya. Wannan lambar ita ce jarinka.

Mataki na huɗu: Bar su su yi magana

Ƙarfe takwas na safe manhajar kwastomomi ta aika cewa kana alfahari da ita. Takwas da minti biyar ta lissafi ta aika cewa bashinta ya wuce lokaci. Kullum, har ranar hutu. Masana sun ce kwastoma yana son a riƙa tunawa da shi.

Surukin ba zai tambaye ta ba. Wane suruki ne zai ce, "Umma, wai ana binki kuɗin zik?" Zai yi sati biyu yana haɗiyewa, sannan ya turo maka kuɗin da ya ware na tayar motarsa a ɓoye. Ita kuwa ba za ta san komai ba sai ranar da 'yarta ta zo ta zauna a bakin gado ta ce, "Umma, in kina cikin matsi ai ni za ki gaya wa, ba sai an kai ga wayarsa ba."

Mataki na biyar: In ta zo, ka nuna akwatin

Za ta zo, mayafi a karkace. Kada ka tashi.

"Mama, ba ni ba ne, kwamfuta ce."

"To kira min ita."

"Abin da ta rubuta ba a gogewa, an riga an rufe lissafin watan."

"Ɗan nan, ina littafin ubanka?"

A nan ka yi hattara. In ka tokare ƙafar teburin kwamfutar da littafin, tsohuwa tana da ido. Za ta durƙusa duk da ciwon gwiwa ta zaro shi, tebur ya karkata, ta buɗe shafinta. Ba ta iya karatu ba, amma ta san layi in ta gan shi.

Mataki na shida: Gyara ba tare da ka gyara ba

Ka ce manhaja ba ta mayar da tsabar kuɗi, sai dai mai lambar ya ɗauki kaya a madadinsu. Yanzu direban babbar mota yana da maɓalli na dubu arba'in da bakwai a shagonka. In ta ce a tura wa wayar saƙo ɗaya tak cewa dama ba a binta komai, ka ce babu irin wannan saƙon a cikin tsarin, sai mai tabarau ya dawo.

Gargaɗi

Ni dai na koyar, abin da ya biyo baya ba ruwana. In ka iske wata tsohuwa ta kafa kujerarta a ƙofar shagonka tun safe, tana tare duk telan da zai shiga tana tambayarsa lambar wa ya bayar, ban aike ta ba. In suka juya suka nufi shagon gaba, ƙafafunsu ne. Na ji ta ce za ta tashi ranar da kuɗin suka koma hannun surukinta, saƙon kuma ya shiga wayarsa, 'yarta ta karanta mata shi da babbar murya. Kujerar tana da matashi, kuma ta taho da ɗinkin hannunta.