Rasuwar Akwatin Rediyon Gwaggo Etelka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da murya ƙasa-ƙasa, Gwaggo Etelka Dorogi ta titin Malom a garin Szolnok ke sanar da waɗanda ta amince da su rasuwar akwatin rediyonta, wanda ya cika ranar Talata da yamma, cikin hunturun 1957.

Marigayin mai haƙuri ne ƙwarai. Kullum da safe yakan karanto yawan ƙarfen da ƙasa ta narka da alkamar da ta girbe, bai taɓa ko murmusawa ba. Da yamma kuwa Gwaggo kan lulluɓa da shi cikin bargo ɗaya, ta murɗa allurarsa zuwa tashar ƙetare, inda waɗanda suka tsallake iyaka ke aiko wa gida gaisuwa da sunan ɓoye. Ɗanta Kalman ya tsallake tun kaka, ya ce ta saurari “Ɗan Tsako”. Hukuma na toshe tashar, tana shaƙe wa marigayin wuya, ya yi ƙuuu, ya yi shuuu, amma bai taɓa fasa magana ba. In an gama sai ta mayar da allurar kan tashar gwamnati ta Budapest, yadda kowane mai hankali ke yi.

Ciwon ajalin bai ba da lokaci ba. Ana tsakiyar karanta sunaye ya yi tari, ya fitar da hayaƙi, ya yi shiru. Gwaggo ta ruɗe, ta murɗa da ƙarfi, zaren allurar ya tsinke, allurar ta ƙame daidai inda bai kamata a gan ta ba. Asibitin irinsa ɗaya ne a garin, shagon gyara na gwamnati, kuma abin da suke fara dubawa ke nan. Ba a kai shi ba.

Ya bar ƙyallen saƙa da ke kansa, da hoton Kalman, da uwar da ba ta san ko ɗanta na da rai ba. Ya kuma bar Odon mai gadin gida, wanda ya tare ta a matakala yana tambayar me ya sa ya daina jin taken ƙasa na safe daga ɗakinta, ko Gwaggo fushi take da gwamnati? Ta ce kunnenta ke ciwo.

Za a binne shi ranar Juma'a a ɗakin ƙasa, ƙarƙashin gawayi, lokacin da Odon ya tafi cin abinci. Ba zaman makoki, kada kowa ya zo. Sai dai wanda rediyonsa ke da rai, in ya ji an ambaci Ɗan Tsako, don Allah ya same ta a layin burodi ya taka mata ƙafa. Tana can kullum, ba za ta waiwayo ba.