Yadda Na Jagoranci Yallaɓai Cikin Tafkin Kifi

Jama'a, ku taya ni neman gafara. Ranar Larabar da ta wuce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ni ɗin nan, bawan Allah mai 'ya'ya shida da hawan jini, na kai shugaban ma'aikatarmu cikin tafkin kifin wani otal, da rigarsa da hularsa da wayoyinsa guda uku. Ban tura shi ba, Allah ne shaida. Ladabi ne kawai ya yi mini yawa. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Shekara goma sha tara ke nan ina ɗakin ajiyar fayil. Na san fayil ɗin da ɓera ya ci rabinsa, na san wanda ke ɓata duk lokacin da masu bincike za su zo, ya kuma dawo da ƙafarsa bayan sun tafi. Alkawarin ƙarin girma kuwa na sha shi har ya gundure ni. Shugabanmu, Allah ya ƙara masa lafiya da faɗin kujera, a bayan idonsa Sai-Na-Duba muke ce masa, don duk abin da ka kai gabansa amsar ke nan. Takardata tana teburinsa tun autana yana rarrafe, ga shi yanzu yaron har ya fara yi mini gardama.

To, watan jiya shugaban sashenmu ya yi ritaya, kujera ta zama babu kowa. Mu biyu muke hangenta, ni da wata abokiyar aikina mai kula da shiga da fitar wasiƙu, wadda ake kira Kaifi-Ɗaya saboda ba ta iya kewaye-kewaye ba. In ka yi kuskure a wasiƙa, a gaban kowa za ta faɗa maka, ko kai ka ɗauke ta aiki. In dai aiki ne ta fi ni, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita. Sai dai ni shekara uku ta rage mini in ajiye aiki, kuma in wannan kujera ta wuce ni, a matakin da na shiga haka zan fita, kamar wanda ya zo rakiya.

Ana cikin haka aka liƙa sanarwa: dukkanmu za mu yi mako guda a otal muna bitar shugabanci, kuma wanda ya nuna ƙwarewa a can shi zai hau kujerar. Na faɗa wa maƙwabcina tela, yana kan keken ɗinki bai ko ɗago ba.

"Shugabancin ne ake koyarwa a otal?"

Na ce haka aka rubuta.

"To shi wanda ya shekara goma yana shugabancinku, a ina ya koyo nasa?"

Na ce ai shi ma zai je.

"Af," ya ce, ya ciji zare. "Ashe sai yanzu."

Ranar Litinin bas ɗin ma'aikata ya kwashe mu, ya zarce da mu layin mai. Awa uku muna gasuwa, motocin manyanmu suka wuce ta gefenmu da jiniya, gilashi a rufe, ko hannu ba a ɗago mana ba. Da muka isa aka raba mana jaka da biro da hula, kowanne ɗauke da hoton Yallaɓai yana murmushin da ban taɓa gani a ofis ba. Kafet ɗin otal ɗin in ka taka sai ƙafarka ta nutse. Na tuna ɗakin fayil ɗina, wanda damina huɗu ke nan ina tarar yoyonsa da bokiti saboda an ce babu halin gyara. Ba ƙorafi nake ba fa. Wanda ya hango cewa jaka mai hoto ta fi rufin ɗaki muhimmanci, ai ba ƙaramin mai hangen nesa ba ne.

Babban baƙo bai zo ba, ya turo wakili, wakilin shi ma ya turo nasa wakilin. Wannan na ukun ya karanta mana shafi biyu na jawabin buɗe asibitin dabbobi kafin ya farga, mu kuwa muna ta tafi a duk inda ya numfasa.

Talata aka miƙa mu hannun mai bitar, wani matashi ɗan kwat mai yawan zirga-zirga a gaban majigi. Ya ce a makon nan babu babba babu ƙarami, kowa ya kira kowa da sunansa. Ni da ko a mafarki ban taɓa furta sunan Yallaɓai ba. Wani darakta ya ɗaga hannu ya tambaya ko akwai rubutaccen izini kan wannan umarni. Mai bita ya yi dariya, ya zaci wasa ne.

Sai Laraba. Aka fito da mu lambun otal, inda aka jera kujeru da tukwanen fure nan da can, can ƙarshe kuma ga tafkin kifi. Mai bita ya ce za a ɗaure wa babba ido da ƙyalle, ƙarami ya yi masa jagora da baki kawai, ba taɓawa, har ya tsallake. Ya haɗa Kaifi-Ɗaya da mataimakin shugaba. Ni kuwa, da yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya haɗa ni da Sai-Na-Duba kansa.

Su suka fara. "Hagu. Dama. Ba can ba, dama na ce. Tsaya nan." Haka baiwar Allah nan ta yi ta juya mataimaki kamar mai koyar da tuƙi. Cikin minti biyu ya tsallake, ko kujera bai goga ba. Mai bita ya yi tafi, ya waiga ya ga shi kaɗai yake yi. Mataimaki ya kwance ƙyalle, ya ce Kaifi-Ɗaya ta biyo shi ciki yana son magana da ita.

Kafin ku zarge ni, ku fahimci yadda ake magana da manya a wurinmu. Ba a faɗo wa babba da labari mara daɗi kai tsaye. Sai ka gaishe shi, ka yi masa addu'a, ka nuna ya fi ka sani, sannan ka kawo zancen a kaikaice yadda zai ji kamar shi ya gano. Shekara goma sha tara da wannan nake cin abinci. Shi kuma Yallaɓai bai saba tafiya a hankali ba, ya saba duk inda ya nufa a buɗe masa hanya. Ana ɗaure masa ido ya miƙe ɗoɗar, ya nufi tafki. Na ƙiyasta taku goma ya rage.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma da ɗaukaka."

"Amin," ya ce. Saura takwas.

"Cikin ladabi da biyayya, idan ba zai zama shisshigi ba..."

"Ina jin ka." Saura biyar.

"Akwai 'yar maganar da nake so in jawo hankalin Yallaɓai a kai, duk da na san Yallaɓai ya fi ni sani, game da batun ruwa..."

"Rubuto mini a takarda," ya ce, "sai na duba."

Tsundum.

Mutum arba'in ne a tsaye a lambun nan, kowa da idonsa biyu, kowa ya ga abin da na gani. Babu wanda ya ce uffan, don ba ta hannunsu maganar ta biyo ba. Wadda za ta iya buɗe baki tana ciki ana yi mata faɗa.

Ruwan iya ƙugu ne. Yallaɓai ya miƙe, hula na yawo a gefensa. Darakta mai kula da ma'aikata ya duba hagu da dama, ya ga bai dace shugaba ya jiƙe shi kaɗai ba, ya tuɓe takalmi ya faɗa. Ganin haka sauran suka ji tsoron a ce ba su da biyayya. Kafin ka ce kwabo daraktoci bakwai suna cikin tafki, kowa na riƙe da wani sashe na rigar Yallaɓai, kifaye sun rasa inda za su sa kansu. Hausawa suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni ranar na ga fadawan, kuma ni ne na gaba.

Da yamma na koma gida, don ba a otal muke kwana ba, na ba da labarin abin da ya faru. Maman yara ta zuba mini ido ta ce, "Baban yara, kalma ɗaya ce fa. Me ya hana ka ce masa tsaya?" Na ce ke, ni in ce wa Yallaɓai tsaya? Ta ce to ai ga shi ruwa ya faɗa masa. Tela kuwa cewa ya yi in fara koyon ɗinki tun da sauran ƙarfina.

Alhamis mai bita ya tambayi darasin da muka ɗauka. Darakta mai kula da ma'aikata, yana atishawa, ya ce darasin shi ne an gina tafkin a inda bai dace ba, kuma an kafa kwamitin mutum tara da zai binciki lamarin. Mai bita ya buɗe baki zai yi magana aka ce lokacin shan shayi ya yi.

Juma'a, wajen rufe taro, na zauna can baya ina jiran takardar kora. Sai-Na-Duba ya miƙe ya ce makon nan ya buɗe masa ido. Ya ce akwai ma'aikacin da ko a bakin halaka bai ɗaga masa murya ba, kuma irin wannan tarbiyya ita ce ginshiƙin shugabanci. Ya kira ni gaba. Takardar da ta shekara da shekaru a teburinsa, a tsaye ya sa mata hannu. Ita kuwa Kaifi-Ɗaya an mai da ita rumbun ma'aikata da ke bayan gari, inda ake tara karyayyun kujeru, wai domin ta ƙara gogewa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi murna, har da 'yar ƙwalla. Amma kunya ta fi murnar nauyi. Na same ta a bakin ƙofa tana gyara jaka, na ce, "Ƙanwata, wallahi kujerar nan taki ce." Ta ce, "Yaya, kana da iyali, Allah ya sa albarka. Shawara ɗaya zan ba ka. Ka koyi iyo."

Jiya na fara zama a sabuwar kujera. Wajen azahar wani ma'aikacina, magidanci mai furfura, ya ƙwanƙwasa, ya shigo a rusune. Ya tambayi lafiyata da ta iyali, ya yi mini addu'ar tsawon rai, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, idan ba zai zama shisshigi ba..." A daidai nan hancina ya jiyo ƙauri. Ban jira ya ƙarasa ba, na sure shi muka yi waje. Ashe wayar lantarki ce ta kama a ɗakin fayil, kuma da ruwan bokitin yoyo aka kashe takardun da suka fara ci.

Ni dai aƙalla na san idona a ɗaure yake. Manyanmu na can sama, waɗanda dukkanmu muke riƙe da bakin rigarsu, in kun ga suna tafe da sauri kai a sama, kada ku ce ba su da masu jagora. Suna da su. Ba su gama gaisuwa ba ne.