Fayil Mai Layi Goma Sha Bakwai Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da takaici, Anti mai buga takardu a ofishin hawa na biyu take sanar da rasuwar ɗan fayil ɗinta na saiti, wanda ya cika ranar Talata da hantsi yana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayin layi goma sha bakwai ne kacal. Ƙanwarta ce ta rubuta mata shi kafin aiki ya ɗauke ta daga garin, ta ɓoye shi can cikin kwamfuta. Aikinsa ɗaya ne. Duk manhajar da ta buɗe taga da tsarin da kamfani ya ɗora mata, sai ya tare ta a bakin ƙofa ya sanar da ita ba haka Anti take so ba. Haruffa su zama manya-manya, bango baƙi, rubutu rawaya, taga kuma ta zauna a dama, don idon hagu ya daɗe da ajiye aiki. Kwamfuta uku ya yi wa hidima, bai taɓa tona mata asiri ba. Ko kuskure ta yi, ba ya tara mata jama'a. "Tik," kawai, a hankali, daga ita sai shi.

Bai yi jinya ba. Lafiyarsa lau sabon mai kula da kwamfutocin ofis, wanda ake kira Mai Tsintsiya, ya leƙa allon Anti ya yatsine fuska, wai dole allon kowa ya zama iri ɗaya, wai masu ƙera manhaja sun fi kowa sani. Anti ta fita wanke kofi, minti huɗu. Kafin ta dawo ya mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, ya garƙame da lambar sirri. Kwafin da ke kan filashinta ma ya goge tas, don ya sami wurin zuba kayansa. Ko tambaya babu! Mutumin da bai taɓa buga wasiƙa mai shafi biyu ba a rayuwarsa. Tir da wannan tsabta.

Abin da ya gaji marigayin abin ƙyama ne: haruffa toka-toka kamar ƙwan kwarkwata, a kan farin da ke soke ido. Ga baki, kuskure kaɗan sai ya kwarma ƙara duk ofis a ji. Jiya sau tara. Manaja ya dawo mata da wasiƙa biyu, ya tsaya yana kallonta fiye da yadda ya saba.

Marigayin ya rasu ya bar linzamin kwamfuta ɗaya, da madannai da haruffansu suka goge, da Anti, wadda shekara biyu ta rage mata ta yi ritaya da mutuncinta, kuma ban da shi babu wanda ya san ƙaramin rubutu ya fi ƙarfinta.

Babu gawa, don Mai Tsintsiya har kwandon shara ya juye. Ana karɓar gaisuwa a teburin Anti, masu zuwa su tsaya ta hannun dama. Mai Tsintsiya kuwa an yafe masa zuwa. Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe tara a ofishin manaja, inda Anti za ta shiga da takardar asibitin ido da ta shekara shida a ƙasan jakarta, ta faɗa da bakinta abin da marigayin ya rufa mata.