Sawun Dodon Nomau

Wani mutum ne a ƙauyenmu, sunansa Nomau, bakinsa ya fi ƙafarsa yawo. Sau ɗaya tak ya bi masu tonon ƙasusuwan dabbobin dā zuwa hamadar Ingal, aikinsa kuwa ɗebo musu ruwa. Da ya dawo sai ya zama uban dainoso gaba ɗaya, wato manyan dabbobin nan na dā da suka ƙare. Ko atishawa ka yi, sai ya gaya maka yadda dainoso ke yin tasa.

Ga shi yana neman auren Kuluwa, 'yar Sarkin Baka Mantau, shugaban mafarautan garin. Sauran samari su zo zance da turare da kalamai masu sanyaya zuciya, shi kuwa ya zo da dodanni.

"Kin gane, Kuluwa, masu cin ganye shanu ne kawai, ba ruwana da su. Nawa su ne masu tafiya da ƙafa biyu, masu cin nama, masu yatsu uku. Su ma daki-daki ne. Akwai mai dogon baki irin na kada, kifi yake kamawa. Akwai mai ƙaton kai da 'yan hannuwa kamar na jariri. Sai ƙanana masu gashi, su ne kakannin tsuntsaye."

"Har kazar Inna?"

"Har ita!"

"Allah sarki. Ashe jinin sarauta muke watsa wa tsaki."

"Ni da hannun nan na haɗa ƙashin ɗaya. Shugaban tafiyar har hula ya cire mini."

Kuluwa ta kashe sauro a ƙafarta, tas! Ta ce, "Nomau, na gaji da ba sauro jinina saboda dabbar da ko sawunta ban gani ba. Ko dai in ga sawu da idona, ko ka manta hanyar gidanmu."

Ya bugi ƙirji. "A bayan garin nan ma akwai! Ido ne ba ku da shi."

Gogan naka ya samo tsohon turmi, ya sassaƙa ƙafafu biyu, kowacce ta kai faɗin faifai, da yatsu uku zaƙo-zaƙo. Aka yi sa'a ruwa ya sauka. Gari na wayewa ya ɗaure su a ƙafa da igiyar rama, ya faɗa fadama. Caɓal! Caɓal! Yana tafe yana murmushi, har yana lissafin ranar biki.

Ya manta sawun da ya gani a hamada a jikin dutse yake, ba a taɓo ba; sawu a taɓo kuwa na dabba mai rai ne. Igiyar kuma ta sha ruwa ta kumbura, ƙulli ya ƙi kwancewa. Dole ya taka har ɗakinsa a haka, ya danna sakata.

Mata masu zuwa rafi suka ga sawu, suka watsar da tuluna, sai ihu. Sarkin Baka ya zo ya durƙusa, ya sa yatsa a ciki.

"Ɗanye ne. Bai yi nisa ba. A buga ganga!"

Mafarauta suka fito da karnuka da kwari da baka. Suka bi sawu.

"Dabbar nan da tarbiyya take," in ji wani maharbi. "Kun ga ta kewaye gonar liman."

Sawu ya shiga gari, ya bi lungu, ya tsaya cak a ƙofar Nomau.

"Innalillahi! Ya cinye Nomau!"

Kuluwa ta iso a guje, mayafi a hannu. Wallahi kuka take na gaske, tana cewa, "Ni na tura shi! Ni na kashe shi!" Nomau na ciki yana jin ta, yana gwaguyar ƙulli da haƙori, ko numfashin kirki ba ya yi.

Sarkin Baka ya ce, "Dabbar rami hayaƙi ke fito da ita. A kawo garwashi da barkono."

Aka tura hayaƙin ta taga. Can sai tari, ƙoho! ƙoho! Ƙofa ta ɓalle, sai ga dodo ya fito ƙwaram-ƙwaram, idanu jajur, majina har haɓa, yana ɗaga hannu sama.

"Kada ku harba! Baba, ni ne!"

Sarkin Baka ya dube shi daga kai har yatsun katako, ya sauke baka a hankali.

"To jama'a, kun san al'ada. Abin da farauta ta kama rabawa ake yi. Wa zai fara ɗauka?"

Kuluwa ta share hawayenta tsaf, ta gyara mayafi.

"Baba, ni dai na yafe kasona. A ba karnuka."