Gwangwanin Gindin Tsamiya

Ranar Asabar da ƙarfe tara da rabi na safe Yaya Sagir ya bugo mini waya, wai in zo in kai shi hanyar Giwa, motarsa tana wajen bakanike. Ban tambayi dalili ba, don na san kwanan zancen. Tun da ya yi ritaya daga koyar da lissafi, shi da tsofaffin abokan aikinsa suka tsiri wani wasa. Duk wata ɗayansu zai ɓoye ƙaramin gwangwani a bayan gari, da ɗan littafi da biro a ciki, sannan ya aika wa sauran da wasan ƙwaƙwalwa. In ka warware, za ka sami lambobi, ka zuba su a taswirar waya, su kai ka wurin. Wanda ya fara rubuta sunansa a littafin, shi zai tafi gida da tsohuwar ƙararrawar makarantarsu, ta zauna wurinsa har wata ya zagayo. Wata bakwai a jere ƙararrawar nan tana falon Yaya. Har kafinta ya kira ya kafa mata 'yar kantar katako a bango.

Wannan karon Malam Tukur mai tabarau ne ya yi ɓoyon, kuma bai sassauta ba. Wai mutum biyar ne, kowa da launin hularsa, da dabbar da yake kiwo, da ranar da yake cin kasuwa. Mai jar hula ba ya kiwon awaki, mai jaki ba ya zuwa kasuwar Laraba, haka dai har sharaɗi goma sha huɗu. Kwana uku Yaya ya yi yana ja wa takardu layi. Matarsa ta ce ko tuwo aka ajiye masa sai ya tambaya na mai wace hula ne.

A mota ya ce mini, "Uwani, in mun isa ki zauna a ciki. Kada ki yi wa kowa maganar, kada a ce an taimake ni. Wannan aikin kai ne."

Na ce, "To, Yaya."

Ƙarfe goma da minti goma muka tsaya kusa da wata babbar tsamiya mai kogo a gindi. A inuwarta wata tsohuwa ce zaune bisa tabarma, tana sayar da dafaffiyar gyaɗa, ga kwando a gefenta an rufe da faifai. Na ɗaga murya daga mota na gaishe ta, ta amsa har da tambayar mutanen gida. Yaya kuwa ya fito kansa a sunkuye, idonsa a kan waya, ya bi ta gefen tabarmarta kamar ya wuce turmi.

Ya zura hannu a kogon har kafaɗa. Babu gwangwani, sai cinnaku, su kuma ba su yi masa rowa ba. Ya yarfe hannu, ya kai wayar saitin bakinsa ya ce, "Mita biyu, ko? Mita biyu ta ina?" Ya taka gabas, wayar ta ce ya yi nisa. Ya dawo yamma, ta ce ya wuce. Sau shida na ƙirga yana zagaya tsamiyar, kuma duk zagaye sai tsohuwar ta janye ƙafarta ta ba shi hanya.

Wajen sha ɗaya da rabi sai ga adaidaita sahu ta sauke Hajiya Balaraba, tsohuwar shugabar makarantarsu, wadda ba ta taɓa cin ƙararrawar ba ko sau ɗaya. Ta ɗaga wa Yaya hannu.

"Malam Sagir, an samu?"

"Saura ƙiris, Hajiya. Kin warware duka?"

"Ina fa! Mai jakin nan ya gagare ni. Na dai gane yankin ne, na ce bari in zo in sha iska."

Ta wuce wajen tsohuwar, ta tuɓe takalmi ta zauna a bakin tabarma. Suka shiga gaisuwa, daga kwana zuwa gajiya, daga jikoki zuwa ciwon gwiwa. Na ga sun sunkuya kan kwandon na ɗan lokaci, na ɗauka zaɓen gyaɗa suke yi. Hajiya ta tashi da ƙullin gyaɗarta ta hau adaidaita ta tafi.

Yaya ya leƙo ta tagar mota yana murmushi. "Kin gani? Ta ga ni ma ina fama, ta haƙura. Miƙo mini takardun nan."

Ya shimfiɗa su a kan bonet ɗin motar ya sake bin lissafin daga mai jar hula har ƙasa. Lambobin ba su canja ba. Ya kira Malam Tukur, shi kuma ya rantse a kogon ya sa da hannunsa. Haka aka yi ta yi har aka kira azahar daga wani masallaci can nesa. Yaya ya duba mota babu ruwa, sai ya hango buta kusa da tabarmar tsohuwar. Ya sa wayar a aljihu, ya matsa, ya ɗan rusuna.

"Salamu alaikum. Sannu Iya, ina wuni? Ko zan samu ruwan alwala?"

"Wa alaikumus salam! Lafiya lau, Alhaji. Ashe kana magana. Ga buta nan. Ba dai kai ma ajiyar mai tabarau ka zo nema ba?"

Ta ɗaga faifai, ta ciro gwangwanin daga cikin kwando, an naɗe shi da tsumma mai tsabta. Ta ce ran Talata mai tabarau ya zo ya gaishe ta, ya ce zai bar ajiya a kogo, wasu za su zo nema. Bayan tafiyarsa ta ga ba a barin ajiyar mutum a wurin da awaki ke sa baki, shi ne ta adana masa.

Yaya ya buɗe littafin da sauri. A layin farko an rubuta da kyakkyawan rubutun shugabar makaranta: Balaraba Isiyaku, sha biyu saura kwata.

Ya ɗago kai daga shafin. Sannan ya ce, "Haba Iya! Lissafina daidai yake, ko lamba ɗaya ban kuskure ba. Awa uku kina kallona ina zagaye, cinnaku suna cina, abin yana cikin kwandonki. Me ya hana ki yi mini magana?"

Tsohuwar ta mayar da faifai kan kwandonta ta ce, "Ai na so in yi, Alhaji. Sai na ga tun hantsi kai da wayarka kuna ta shawara, ni kuwa a gidanmu ba a koya mana katse wa manya magana ba."