Aron Akwatin Gawar Mamá Nica

"Sa mini albarka, Mamá Nica."

"Da wannan jar hular a kanka? Je ka nemi albarka wurin waɗanda suka ɗinka ta."

"Haba amarya, da sassafe? Ko gaisuwar ta'aziyya ba za ki bari in yi ba? Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?"

"Wa ya mutu?"

"Kunkuru mana. Jiya da yamma, bayan jinyar shekara talatin da ɗaya."

Ina tsakar gidana ina shanya na jiyo su. Katangar da ta raba ni da Doña Nicasia, wato Mamá Nica, ta kwano ce iya ƙirji, ko tari ta yi sai na ce mata sannu, don haka kada wani ya ce laɓe na yi. Safiyar Litinin ce, washegarin da ƙungiyar Guguwa ta wani gari ta lallasa Kunkuru, ƙungiyar garinmu Santa Rufina ta besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, a wasa na bakwai na neman kofi. Gari ya yi tsit, ko 'yan acaɓa ba sa hon. Ita kuwa tsohuwa, da shekarunta tamanin da huɗu, tana kan kujerarta mai lilo a baranda, sanye da koriyar rigar Kunkuru, rediyo a cinya, tana ɓarar wake kamar da shi take faɗa. Wanda ya tsaya a kanta yana washe baki jikanta ne, Radamés kafinta, ƙato har da furfura a gemu. A gidan Kunkuru aka haife shi, amma shekara goma sha biyu ke nan da ya koma bayan Guguwa, wai saboda wata budurwa Yudelka 'yar garinsu.

"Ba Guguwa ce ta ci mu ba," in ji ta. "Manajanmu Brea ne ya ci mu, da kwat ɗinsa da turarensa."

"Brea ne ya riƙe sanda? Ni dai na ga mutum uku a jere sun kai wa iska duka a zagaye na tara. Na ƙarshen har sai da ya juya sau biyu, na ɗauka rawa ya zo yi."

"Wa ya jefa musu ƙwallon? Faɗi sunansa in kai namiji ne."

"Bahago."

"Bahagon wa?"

"Namu."

"Naku a gidan uban wa? Yaron da na sani tun yana jifar mangwaro a bayan kamfanin sukari! Brea ya ɗauke shi ya miƙa muku, ya karɓo mana mutum biyu, ɗaya gwiwarsa na ƙara kamar ƙyauren bayan gida, ɗayan kuma ɗan ƙanwar matarsa ne. Wannan ko ƙwallo aka ɗora masa a faranti sai ya tambayi ina cokali."

"Ai mun gode. Har mun ce za mu aika wa Brea akuya."

"Koci uku ya kora a kakar wasa ɗaya! Na farko don ya sha kashi, na biyu don ya yi nasara bai gode masa a jarida ba, na uku har yau shi kansa bai san laifinsa ba. Duk na faɗa musu a rediyo. Tun watan Oktoba nake faɗa."

"Kin faɗa, har suka toshe lambarki."

"Tsoron gaskiya ne."

"Shi ya sa kika koma wayar Doña Ondina, kina maƙe murya wai ke ce Malama Rosaura daga bakin teku. Kina buɗe baki mai shirin ya ce, barka da safiya Mamá Nica."

Ni ce Ondinar, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wayata ta sha wuya a hannun matar nan, har zafi take yi in ta dawo da ita.

"To ungulun unguwa, ka yi ta'aziyyarka," in ji ta. "Akwai mangú na dakakkiyar ayaba a tukunya da albasa, zuba ka ci ka ba ni wuri. Ko Yudelka ta ciyar da kai?"

"Na ƙoshi. Aro na zo."

"Ba ni da guduma."

"Ba guduma ba."

"Ba ni da haƙuri kuma, ya ƙare jiya."

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙofar ɗakinta. "Akwatin."

Kujerar lilo ta tsaya cak. Ni ma na tsaya da rigar jikata a hannu tana ɗiga. Kowa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan kashi: da yamma 'yan Guguwa za su ɗauki akwatin gawa a kafaɗa, su zaga gari da ganga da kukan ƙarya, su dire shi a ƙofar filin wasa wai sun binne Kunkuru. Akwatin da Radamés yake nufi kuwa nata ne na kanta. Shi ya ƙera mata shi da katakon maɗaci shekarar da ya buɗe shagonsa, ta sa ya shafa masa koren fenti, ya zana kunkuru a murfi. Ranar da aka kawo shi ta dafa shi a gaban Fada, limamin cocinmu, da mutanen layi, ta rantse ba za ta kwanta a ciki ba sai ta ga kofi ya shigo Santa Rufina. Tun daga nan yana gefen gadonta, a ciki take ajiye shinkafa da wake da sukari, don ɓera bai iya huda shi.

"Maimaita, kunnena na hagu ya fara tsufa."

"Na awa uku kacal, amarya. Namu na falanki gara ta cinye. Na riga na yi wa mutanenmu alkawari, na ce musu ga kore, ga kunkuru a kai, ko fenti ba sai an saya ba."

"Ka yi musu alkawarin ɗakin kwanana?"

"Ɗakin da ba ki tare ba. Shekara goma sha biyu shinkafa ke haya a ciki."

"A ɗauki akwatina a kafaɗar mashaya, ana zuba masa giya, ana kiran sunan Kunkuru da kukan munafunci? Ina numfashi?"

"To ai gwaji ne. Ki zauna a baranda ki ga yadda zai yi kyau a kan titi. Mutum nawa ne suka taɓa ganin jana'izarsu da idonsu?"

"Kai za ka riga ni shiga, mai kai kamar ƙwaryar kwakwa."

"Ba zai ɗauke ni ba, da awonki na yi shi. Kuma ma kin ƙanƙance, yanzu har da rediyon zai ɗauke ku."

"Ka ga wannan sandar? Ta fi ta 'yan wasanmu sa'a, ba ta taɓa kuskure ba."

"Ni fa na ƙera shi, Mamá Nica. Ina da haƙƙi a kansa."

"Ni ma ni na haifi ubanka. Ka taɓa ganin na je na ce ya komo ciki na awa uku?"

Dariya ta ƙwace mini har na saki rigar a ƙasa. Radamés ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Doña Ondina, ki zama shaida, zan juye shinkafar a buhu, in dawo da shi a goge kafin rana ta faɗi." Bai jira amsa ba ya sa kai ɗakin.

"Radamés! Kada ka taɓa shi!"

Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa na gaskiya ba sai ran nan. Kullum ungulu ne, ko angon banza, ko mai kan kwakwa. Muryar ma ba ta wasa ba ce. Ta yunƙura za ta tashi, waken ya watse a ƙasa, amma kafin ta lalubo sandarta har ya jawo akwatin zuwa bakin ƙofa da hannu ɗaya.

"Af, ya na ji shi sakayau? Kin cinye shinkafar ne don baƙin ciki?"

Ya ɗaga murfin. Daga inda nake ina hango cikinsa sarai. Babu shinkafa, babu wake. An goge shi fes, an shimfiɗa farin zane. A kai ga farar rigarta ta zuwa coci, a goge a ninke, ga carbinta, ga kyandir biyu, ga hoton marigayi mijinta Don Fulgencio da koriyar hularsa. A gefe kuma batir huɗu sababbi, ko ledarsu ba a yage ba.

Sai a lokacin na tuna. Ranar Asabar ta miƙo mini buhun shinkafa da wake ta kan katanga, ta ce sun yi mata yawa. Na karɓa na yi godiya, na dafa har sau biyu, ban tambayi komai ba. Wallahi kunya ta kama ni, na ji kamar in tono abin da na ci.

"Mamá Nica," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Mene ne wannan?"

"Kayan tafiya. Ba ka taɓa gani ba?"

"Tafiya ina?"

"Sun ci uku, mun ci uku, wasan ƙarshe a gidanmu. Na ce bana kam an gama. So kake kofi ya shigo gari a same ni ina neman ɗankwali? Har kakanka na gaya wa ya matsa ya ba ni wuri. Shi bai samu ya jira ba, na ce zan kai masa labari da ɗuminsa."

"Batir ɗin fa?"

"In ji yadda za a yi bikin mana."

Ya zauna a bakin akwatin, ya daɗe yana kallon rigar. Hancinsa ya yi ja kamar hularsa. Can sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"Allah ya ja da ran manaja Brea!"

"Tir da bakinka!"

"Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba matarsa 'yan'uwa masu yawa, kowa ya samu riga a Kunkuru."

"To ji nan," in ji ta, idonta ya kawo wuta. "Na yarda, ɗauki akwatin. Amma ka rufe kunkurun nan da takarda, ka rubuta Brea da manyan baƙaƙe. Ni da kaina zan shige gaba, in yi kukan da ba a taɓa yi ba a garin nan. Har kyandir ɗin na ba ku."

"A'a. Wannan bawan Allah ba mai taɓa shi. Gobe zan ƙera masa kujerar ofis, mai laushi, wadda in ya zauna ba zai tashi ba sai bayan shekara ashirin."

"Mutumin da ya sayar da Bahago?"

"Shi fa. Da Bahago na hannunku jiya, da yanzu ni ke ɗauke da wannan abin a kafaɗa, kuma ba da ganga ba."

Ta kalle shi, ta karkatar da kai kamar kaza ta ga tsaba.

"Wai ni kam, Yudelkar nan. Shekara goma sha biyu, ko ɗan kunnenta ban taɓa gani ba."

"Tana da kunya."

"Tana da ƙafa kuwa? Tana da uwa?"

"Mamá Nica, bar maganar nan."

"Yaushe ka sayi hular?"

Ya ja hanci, ya goge fuska da bayan hannu. "Ranar da kika yi rantsuwa. Daga gaban Fada kasuwa na wuce. Ke kin ce sai sun ci za ki tafi, to ni kuma na ce sai dai kada su ci."

"Ka ji ɗan banza! Ashe kai ne! Shekara goma sha biyu ina zagin Brea da kakanninsa, maƙiyin yana cin mangú a tukunyata!"

"Ki ci gaba da zaginsa, yana ƙara miki jini a jiki."

Ya ɗauko farar rigar a hankali ya kai ta ɗaki ya rataye, ya dawo da hoton kan tebur, ya jefa mata batir ɗin a cinya. Sannan ya juyo wajena.

"Doña Ondina, a dawo mana da 'yan hayarmu."

"Na ci rabi," na ce.

"Kawo rabin, zan cika."

Na miƙa buhun ta kan katanga, ya zazzage shi a cikin akwatin, ya rufe murfi, ya tura shi gefen gado inda yake. Tsohuwa na kallonsa tana lilo.

"Mutanenka fa? Ka yi musu alkawari."

"Su nemi kwalin firji. Kunkuru ai ba shi da girma."

Ta kai masa sanda, ya goce, ta fashe da dariya har da tari, har na ce mata sannu.

"Zo nan, angon banza. Durƙusa."

Ya durƙusa a gaban kujerar, ya kai hannu zai cire hular.

"Bar ta," in ji ta.

Ta ɗora tafinta a kan jar hular nan, ta danna da ƙarfi har ta rufe masa ido.

"Allah ya yi maka albarka. Allah kuma ya kunyata ka baɗi."

"Amin ga ta farkon," in ji Radamés.